Hoton da Goggo Tumba Ta Yarda a Ɗauka

Badariya, Birnin Kebbi.

Ma'u ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya a ɗakinki, gajiyar biki ta sake ki, ke da angonki da mutanen gidansu baki ɗaya. Allah Ya sa Argungu ta karɓe ki, Ya tsare min ke a cikin gida da kan hanya. Ki gaishe min da surukarki da kyau, ki durƙusa har ƙasa, ban da irin gaisuwar tsayen nan da kike yi min kina latsa waya.

Na san da kika buɗe jakar kwamfutar da na aiko miki kika ga takarda kin ce, "Inna kuma! Duk nasihar da aka yi min ba ta isa ba?" Kwantar da hankalinki. Zancen haƙuri da girki da zaman gidan miji gwaggwanninki sun yi shi har muryarsu ta dishe, ba abin da zan ƙara a kai. Nawa zancen na sana'a ne. Tunda mijinki ya yarda ki ci gaba da ɗaukar hoton mata a can, na kuma ba ki kyamarata ta biyu da wannan kwamfutar, akwai maganar da nake so mu yi wadda hayaniyar biki ta hana. Lalubi aljihun gefen jakar. Za ki ji ɗan sukundireba mai jan mariƙi, da wani ɗan akwatin roba baƙi mai guntuwar waya. Ba mantuwa na yi ba, naki ne.

Kin san abin da ya sa ake kiranmu biki a bar maza masu hoto, alhali kyamarorinsu sun fi namu. Mu ke shiga cikin gida. Mu ke ganin amarya ranar lalle da ɗaurin ƙirji, mu ke ganin matan malamai sun ajiye hijabi suna taka rawa da jikokinsu, kitso a waje. Matar da maƙwabcinta na shekara da shekaru bai san kamanninta ba, sai ta tsaya a gabanki tana dariya, don ke mace ce, kuma ta san ɗiyar wace ce. Duk wannan cikin kwamfutarki yake zuwa ya kwanta. To ranar da ta ƙi tashi, kuma wallahi za ta ƙi wata rana, asara iri biyu ce a gabanki: ko hotunan su salwanta, ko su faɗa idon da bai kamata ya gan su ba. Mutane ta farkon kawai suke tsoro. Mu a sana'armu ta biyun ta fi muni, don hoton da ya ɓace ana ba da haƙuri, wanda ya fita kuwa ba ya komawa.

Ta farkon kin san labarinta, tunda har yau gori kike min a kan ba ki da hoton firamare ko ɗaya. Lokacin ina sabon shiga, kwamfutata ta farko ta tsaya a baƙin allo, na kai wa mai gyara. Ya ce sai an yi mata fomatin, na ce a yi. Ban tambaye shi abin da ake nufi ba, don kar ya ga kamar ban waye ba. Da na koma ɗauka ta tashi garau, tana sauri kamar sabuwa, sai dai babu komai a cikinta, an share ta tas. Mutumin bai cuce ni ba, abin da na ce a yi shi ya yi. Saboda haka duk kalmar da mai gyara ya faɗa miki ba ki gane ba, ki tsayar da shi ki ce ya faɗa miki da Hausa. Ki tambaye shi kai tsaye, "Kayana da ke ciki fa, za su taɓu?" In ya fara kame-kame, ki ɗauki abarki ki yi gaba. Gara ya ce ke baƙauya ce.

Wani abin kuma, na lura kin gaji halina na ɗora kwamfuta a kan katifa. Ki daina. Ta ƙarƙashi take shan iska, katifa kuwa toshe ta take yi, ga zafin garinmu wanda ko mutum da kyar yake sha. Ki samo faranti ko ɗan tebur. Kada kuma ki jona ta daidai lokacin da ake tayar da janareta, ki bari ya daidaita tukuna. Ni duk biyun nan na yi su, su ne kuma suka jefa ni cikin abin da zan ba ki labari yanzu. Lokacin kina makarantar kwana, kin dai ji an ce kwamfutar Inna ta lalace an gyara. Ga yadda aka yi.

Kin tuna Goggo Tumba ta cikin gari, matar marigayi Malam babba, wadda mata ke zuwa ɗaukar karatu a ɗakinta? Tsohuwar nan tunda take ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. In na shiga gidan da kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa bango. Ba ta hana kowa ba, ita dai ba ta so. Tana da ɗiya, Hajiya Luba, wadda aure ya kai Kumasi tun da ƙuruciya, ga nisa ga miji mai jinya, ta yi shekaru masu yawa ba ta zo gida ba. Suna gaisawa a waya, amma murya kawai, don Goggo ba ta yarda da wayar da ake ganin mutum ba.

Ranar lallen wata jikarta, na gama da 'yan mata ina naɗe kaya, sai aka ce Goggo na kira. Na shiga na durƙusa. Ta sa aka saki labule, ta dubi kyamarar da ke wuyana ta ce, "Ke Balki, wagga aba taki, in ta ɗauki mutum, ina shi ka zuwa?"

Na ce, "Inda na kai shi, Goggo. In ban kai shi ko'ina ba, yana nan wurina."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Luba ta daɗe ba ta ga huskata ba, ni ko jikin ga ba shi da tabbas. Ɗauki guda. Guda ɗai. Kak ki sa ni ga waya, kak ki wanke shi ga takarda, kak namiji shi gani. Randa Luba taz zo ki gwada mata, in ta gani ki goge. Kin jiya?"

Na ce, "Na jiya, Goggo."

Ta zame mayafinta. Na ɗaga kyamara. Na ce mata, don dai bakin mai hoto ya saba, "Goggo, ɗan yi murmushi." Ta ce, "Da wane haƙori?" Sai dariya ta ƙwace mata, ni kuma na danna. Da na koma gida na juye shi a kwamfuta, na goge na cikin kyamara, don katin kyamara yawo yake daga wannan biki zuwa wancan. Guda ɗaya ta ce, guda ɗaya na bari. Ban faɗa wa kowa ba, har babanki.

Damina ba ta ƙare ba Allah Ya karɓi abarsa. Hajiya Luba ta taso daga Kumasi, amma kafin ta iso an riga an kai Goggo makwancinta. Na je gaisuwa, na tarar da ita zaune a ɗakin uwarta, ido ya kumbura. Na matsa kusa na raɗa mata cewa Goggo ta bar mata saƙo a wurina, na gaya mata ko mene ne. Ma'u, matar nan ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ta ce in kawo gobe-gobe, don da an yi sadakar bakwai za ta juya, ta baro mijinta kwance.

Na dawo gida da azahar na ce bari in duba in tabbatar. Na danna makunnin kwamfutar, shiru. Na sake dannawa, 'yar fitilar ta kawo ta ɗauke. Innalillahi! Na yi ta danna ta ina sakewa, na girgiza ta, har marinta na yi a gefe yadda babanki ke yi wa rediyonsa. To ki ji da kyau, duk abin nan da na yi ba daidai ba ne, Allah ne kawai Ya rufa asiri. Kwamfuta in ta ƙi tashi ba a dukanta, ba a kuma takura mata da kunnawa. Ki fara da abu mai sauƙi. Ki canza soket, ki duba caja ko ta tsinke ta ciki, ki aro irinta ki gwada. Ki zare duk abin da ke jone da ita. In batirinta mai fita ne ki cire, ki danne makunnin ki ɗan riƙe, sannan ki sa caja kaɗai ki gwada. Ki kara kunnenki ki saurara. In fanka na juyawa allo ne bai kawo ba, da sauƙi. In kuwa kika ji wani ƙas-ƙas yana maimaituwa daga ciki, ki kashe ta nan take kada ki ƙara kunnawa, kowace kunnawa ƙara ɓarna take.

Da abin ya gagare ni na saka ta a jaka na hau mashin sai shagon Sanusi mai gyara a bakin kasuwa. Kin san shi, mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, bar ta nan, gobe ki taho. In ta ƙiya sai mu yi mata fomatin." Na ce ko da wasa kar in ƙara jin kalmar nan. Ya yi dariya ya ce to in kayan ciki ne damuwata, yanzu zai fiddo min su ya zuba min a filashi. Har na ji sanyi a raina. Sai na ɗaga kai na dubi inda zai yi aikin. Wani ƙaton allo ne a kan tebur yana kallon ƙofa, ga maza cike da benci, masu jiran waya, masu cajin batir, masu hirar ƙwallo. Kin san da an buɗe jakar hotuna duk sai su jeru ƙanana-ƙanana a kan allo, ba sai an danna kowanne ba. Ba Goggo kaɗai ba, amaren mutane ne a ciki da matan aure. Na ce, "Malam Sanusi, ba ni abata."

Ya ji haushi, na ga alama. Ya ce, "Hajiya, ba ki yarda da ni ba ke nan?" Na ce na yarda da shi, amma shi ma namiji ne, abin da ke ciki kuwa ba nawa ba ne balle in yi kara da shi. Na fito. Wallahi a bakin titi na tsaya rungume da jaka ban san inda zan nufa ba, hawaye na zubo min cikin hijabi. Na yi wa matacciya alkawari biyu, in nuna wa ɗiyarta, kada kuma namiji ya gani, ga shi ina ganin sai na saki ɗaya kafin in cika ɗaya. Ki riƙe wannan: in ranki ya ƙi kwanciya da wuri, ki tashi, ko da ba ki san inda za ki ba. Kunyar mai shago ba ta kai a bar masa amanar mutane ba.

A nan tsaye na tuna da Maman Nanret. Ita ce matar nan 'yar Filato da ke unguwar Gesse, wadda ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, wadda na ɗauki hoton bikin ɗiyarta a cocinsu. Ta zo kamunki, ita ce mai ɗaurin ɗankwalin nan da ya kusa taɓo rumfa. Na same ta a gida tana tsinke alayyafo. Ban ɓoye mata komai ba, na zayyana mata. Ta ajiye tire ta wanke hannu, ta leƙa falo ta ce wa mijinta, "Baban Nanret, ɗauki rediyonka ka je gindin bishiya, mata za su yi aiki." Bawan Allah ya tashi ya fita daga falonsa.

Ta kifa kwamfutar a kan tebur ta ce, "Maman Ma'u, kwamfuta daban, kayanki daban. Ita tana iya mutuwa, kayanki na nan da rai." Ta nuna min wani ɗan murfi a bayanta, ta ce a ƙarƙashinsa akwai wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, a cikinsa komai yake taruwa. Su suna da sunan da suke kiransa da Turanci, ni dai tun ranar rumbu nake ce masa, don aikinsa ke nan. Na zaci za ta kwance, sai ta miƙo min sukundireba. Na ce, "Rufa min asiri, ni da ko fulogi ban taɓa kwancewa ba!" Ta ce, "Yau za ki fara. Gobe in an yi min canjin wurin aiki, wa za ki nema?"

Haka na zauna na kwance da hannuna, tana tsaye a kaina. Ta sa na cire caja da batir tukuna. Ta kawo murfin kwano ta ce in riƙa zuba notinan a ciki don kada su bi ƙasa. Ta ce in taɓa ƙarfen taga kafin in sa hannu a ciki, wai jikin mutum na ɗaukar wata 'yar wuta da ke iya lalata kayan. Na ɗaga murfin, ga rumbun kwance. Ta ce kada in fizga, in ja shi a hankali ta gefe har ya saki. Ya fito. Na riƙe shi a tafin hannuna ina kallo, wai duk bukukuwan da na yi shekaru ina zuwa suna cikin ɗan abin nan, har da Goggo Tumba.

Ta ɗauko ɗan akwatin roba irin wanda ke cikin jakarki, muka zura rumbun a ciki, ta jona wayar a tata kwamfutar. Muka zuba ido. Sai ga 'yar fitila tana ƙiftawa, sai ga sunana ya fito a allo, ga jakunkunan hotuna a jere yadda na bar su. Ban san sanda na rungume ta ba, ina alhamdulillahi tana godiya ga Allah, alayyafo ya watse a ƙasa. Na ce ta juye min hoton a tata kwamfutar in ara zuwa gobe. Ta ce a'a, kada a juye shi ko'ina, tunda guda ɗaya mai shi ta ce. A bar shi a rumbunsa, gobe ta raka ni da kwamfutarta mu buɗe shi daga can. Ta ce ai ita ma ya kamata ta yi gaisuwa, yara da yawa daga gidan sun bi ta hannunta a makaranta.

Washegari bayan azahar muka je. Ta yafa babban mayafi, ta durƙusa ta yi wa mata gaisuwa, aka amsa mata da mutunci. Muka shiga ɗakin Goggo mu uku da Hajiya Luba, na saki labulen nan dai da aka saki ranar lalle. Maman Nanret ta haɗa kayan, ta koma bakin ƙofa ta zauna ta ba allo baya, ta ce ita gadi za ta yi. Na buɗe hoton, na juya wa Hajiya Luba.

Ga Goggo zaune a kan tabarmarta, carbi a naɗe a hannu, kitsonta fari fat sai jan lalle a bakinsa, ta buɗe baki tana dariya, idanun nan sun ƙanƙance. Hajiya Luba ta ƙura masa ido. Can ta kai yatsa ta shafa allon ta ce, "Haƙoranta sun zube. Ba wanda ya gaya min." Ta ce ita da baƙin gashi ta bar ta, kuma a waya muryarta ba ta tsufa ba, shi ya sa duk shekarun nan da tsohuwar fuskar take ganinta. Sai kuka. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Da ta natsa sai ta lalubo wayarta ta ce, "Tura min shi nan."

Dama na san za a zo wurin. Na ce, "Hajiya, Goggo ta ce kada a sa ta a waya. Ta ce in kin gani a goge."

Ta ɗago ta dube ni, ido jawur. Ta ce, "Uwata ce ko taki?"

Na ce, "Taki ce, Hajiya. Ga hoto ga ki, ba zan yi kokawa da ke ba. Ni dai abin da ta ce na isar, ban rage ba ban ƙara ba."

Ban san abin da zan yi ba in ta nace, har yau ban sani ba. Can ta ce in faɗa mata maganar yadda Goggo ta faɗe ta, kalma da kalma. Na faɗa mata, tun daga "guda ɗai" har zuwa "kin jiya", har da zancen haƙori. Sai ga ta tana dariya hawaye na zuba, tana cewa, "Ita ce. Wallahi ita ce." Ta ajiye wayar a gefe. Ta jawo kwamfutar kan cinyarta ta ci gaba da kallo har aka kira la'asar. Sannan ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Balki, gwada min inda ake dannawa."

Na nuna mata. Da yatsanta ta goge shi.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Maman Nanret ta ce abin da aka goge ba ya fita gaba ɗaya, mai wayo na iya tono shi. Saboda haka muka kwashe sauran hotunan mutane muka mayar wani sabon rumbu, tsohon kuma ta share shi sharar da ba a dawowa. Kin ga ashe fomatin ma yana da ranarsa, bayan an kwashe kaya, da sanin mai kaya. Ita kuwa kwamfutar na mayar wa Sanusi fanko, ba rumbu a ciki. Ya gano wani abu ne ya ƙone a wajen shigar wuta, ga ƙura ta toshe fanka, ya gyara ta tsaf. Da ya ga ramin rumbun ba komai ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya koya miki wannan?" Na ce mata ne. Har yau shi ke min gyara, kuma har yau fanko nake kai masa, ya ma daina jin haushi.

To Ma'u, ga abin da nake so da ke. Kada ki jira sai ta mutu. Cikin satin nan, ranar da ba ki da baƙi, ki kashe ta, ki kifa ta a kan tebur, ki kwance ki ciro rumbun ki mayar, har hannunki ya saba. Na tabbatar kafin in saya cewa irin mai buɗuwa ce, don wasu na yanzu a manne rumbunsu yake, ba ya fita. In za ki canza wata nan gaba, wannan ce tambayarki ta farko, kafin kala da kyau. Aikin biki na yau da kullum ki riƙa ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a wani rumbun da ke cikin akwatinki mai makulli, har sai masu shi sun karɓa. In gyaran ya zama dole sai da rumbu a ciki, ki zauna a wurin, allo na kallonki, ko da za ki wuni. Kuma mijinki, na san kina ganin ba kamarsa a duniya, Allah Ya bar ku tare, amma kada ki ba shi ya kai miki gyara, kada kuma ku zauna kuna kallon hotunan bikin mutane kuna hira. Matan da ke ciki ba don shi suka cire mayafi ba.

Ki nemi mace a Argungu wadda ta san kan kwamfuta tun kafin ki buƙace ta, ko a makaranta ko a asibiti, ko Musulma ko Kirista, ki riƙa gaishe ta. In ba ki samu ba, ga Maman Nanret nan, ta ce ki kira ta ko yaushe. In kuma wata ta zo miki da tata matacciyar kwamfutar tana kuka, kada ki karɓa ki yi mata. Ki miƙa mata sukundireban ki tsaya a kanta.

Kin sha tambayata wane hoto ne na fi so a duk waɗanda na ɗauka, ina ce miki duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na Goggo Tumba ne. Haske ya zauna daidai, dariyar ta fito, hannuna bai goce ba. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, ba na jin zan ƙara. Mu biyu ne muka gan shi a duniya, ni da ɗiyarta, kuma ba ni da shi balle in nuna miki.

Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata. Ya tsare ki, Ya tsare abin da za a ba ki ajiya, Ya sa matan Argungu su saki jiki a gabanki yadda na Birnin Kebbi suka saki a gabana. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya kiyaye hanya duk ranar da za ki zo ganin gida. Babanki na gaishe ki, yana ta cewa gidan ya yi masa faɗi. Ni kuwa jiya sai da na zuba abinci a kwanonki kafin in tuna.

Wassalam.

Innarki,
Balki mai hoto.